Injin da Ba Mai So Ko Kyauta

Tun yana saurayi ake ce masa Furfura, domin ƙurar gari ta riga shekaru isa kansa. Injin niƙa gare shi a wata rumfar kwano, bayan makarantar firamare. Ya gaji aikin daga ubangidansa, wanda ya bar masa injin, da tari, da rabin kurumta. Da injin ya yi aure, da shi ya aurar da 'yarsa. Duk abin da aka faɗa masa sai ya ce "To," don ya lura yawancin maganar mutane ba ta buƙatar fiye da haka.

Da damina ta ƙi, ta bayanta ma ta bi sahu, motocin agaji suka fara zuwa da buhunan masara tsaba. Tsaba ba ta ciwuwa haka nan, saboda haka layin da ya tashi a filin makaranta a ƙofar rumfarsa yake ƙarewa. Wadda ba ta da abin biya sai ta bar masa ɗan abin da ya samu daga hatsin. A lokacin ne ma'aikatan ƙungiyar agajin suka bi gida gida suna tantance mabukata. Suka iske shi fari fat, inji na ruri, suka ce mai sana'a ne, ba ya cikin masu katin karɓar agaji. Bai musa ba.

Daga baya wani mai tausayi a wani ofis mai nisa ya gano cewa talakawa na asarar abincinsu wajen masu niƙa. Aka koma kawo gari niƙaƙƙe, har da sinadaran ƙarin lafiya a ciki. Kowa ya yaba. Injin ya yi shiru, Furfura ya fara jin kukan tsuntsaye, da kuma na jikarsa.

Yarinyar ba ta cika shekara uku ba. Uwarta ta dawo gida da ita bayan rasuwar mijinta. Gashinta ya yi ja, wasa ya fita ranta. A asibiti malamar jinya ta zagaya damtsenta da tef mai launi uku, ta ce tana kan rawaya, maganin kuwa na waɗanda suka kai ja ne. A je gida a riƙa ba ta abinci sosai. Shawarar ba ta da aibu.

Furfura ya wanke fuska ya tafi wajen akawun ƙungiyar.

"Baba, dokar ba tawa ba ce," in ji akawun. "Gidan da ke da inji ba ya samun kati."

"Injin ba ya aiki, ɗana."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Ya ma fi ni lafiya."

"To ka gani."

Ya sa injin a kasuwa, ba wanda ya taya, domin duk wanda ya saya ya rabu da katinsa ke nan. Ya sauko, ya ce kyauta ne. Ya fara da maƙwabcinsa wanzami, wanda a da ba ya wucewa bai shafa injin yana sa albarka ba.

"Haba maƙwabci," in ji wanzamin, "me na yi maka? Shekara da shekaru muna zaman lafiya."

Matar Furfura ta kawo tata shawarar tana kaɗe tukunya. "Malam, ka duba wanda kake jin haushinsa, a lallaɓa a ajiye masa a ƙofar gida."

"To," in ji shi. Ya duba, ya tarar ba wanda ya ƙi jini har haka.

Mai sayen tsohon ƙarfe ne kaɗai ya tsaya da kurarsa. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa, ya yaba.

"Amma ni gawa nake saye, Baba, ba mai rai ba. Kwance shi gunduwa gunduwa in ɗora a sikeli."

Bakaniken unguwar ya ce zai kama masa, Furfura ya ƙi. Da hannunsa ya cire bel, ya tsiyaye baƙin mai, ya ɗiga wa kowane noti ɗan mai kafin ya sa masa sifana. Duk abin da ya ciro sai ya goge shi tas da tsumma, ko da yake sikeli ba ruwansa da tsabta. Jikar na zaune kan buhu tana kallonsa.

"Mutuniyar, duk aikinki ne fa," ya ce mata. Ba ta yi dariya ba.

Akawun ya zo ya duba rumfar. Bai ga komai ba sai ƙusoshi a jikin siminti da tabon mai. Ya taya shi murna, ya ba shi kati.

Ranar rabo Furfura ya bi layi a tsakanin matan da ya yi wa niƙa shekara da shekaru, suka matsa masa wuri a inuwa. Ya ɗauko buhunsa a ka. A gida 'yarsa ta ɗora ruwa, ta dama wa yarinyar. Shi kuwa ya tsoma hannu a buhun, ya murza garin tsakanin yatsu, ya ɗanɗana.

"Yaya, Baba?" in ji 'yar.

"Ba laifi. Wanda ya niƙa shi ya san aiki."

Yarinyar ta shanye, ta lashe cokali, ta miƙo kwanon a ƙara mata.