Kunun Dusar da Na Dama wa Baba

Shekarar da na shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, can wajen Tokoin, kaina ya kumbura har da ƙyar yake shiga ƙofar gidanmu a Zongo. Aikinmu a kan dusar masara yake. Mukan jiƙa ta da ruwan tsiron dawa, sai wani sinadari da ke cikin tsiron, wanda malamanmu ke kira anzim, ya daddatsa ta ta yi laushi, ta zama abincin ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a hanjin mutum. Ko ranar da ake kwasar ɗalibai zuwa rawar jam'iyya mai mulki, ni maƙalewa nake yi wurin kwalabena.

Baba dillalin raguna ne, kuma shi ke jan salla a masallacin layinmu idan liman ya yi tafiya. Wannan matsayi ya fi masa duk ragunan kasuwa. Daga bakin Mma, mahaifiyata, na ji cewa cushewar ciki na damunsa, don ni 'yar fari ce, akwai kunya tsakanina da shi, ko sunana ba ya kira. Nan da nan na ce ai ga magani a hannuna.

Da na dama kunun dusar na kai masa kofin farko, ya sunsuna, ya dube ni.

"Malama, na kai ki lakwal karatun boko ne don ki dawo ki mai da ni rago?"

Ya shanye tas. Kullum da safe in dama, in tsaya a kansa kamar ɗan sanda, in ce, "Baba, ya cikin?" Ya ce, "Alhamdulillahi." Ni kuwa in tafi ina yi wa abokan karatuna burga.

Na san sarai irin wannan abinci na tara iska a ciki. A labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, abin dariya ne a wurinmu. Ban taɓa haɗa shi da alwala ba.

Na ga dai Baba ya bar sahun farko ya koma bakin ƙofa, kusa da butoci. Daga baya ya riƙa yin salla a ɗaki. Na ce tsufa ne. Sai wata rana bayan la'asar, liman ba ya gari, na ji muryar wani saurayi tana jan salla. Na tambayi Mma ko lafiya.

Ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta ɗago ba. "Alwalarsa ba ta kaiwa raka'a biyu. Da kansa ya je ya ce a nemi wani."

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya gaya miki me? Da wane baki? Cewa ya yi yarinya na aikin ilimi, kada a kashe mata gwiwa."

Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na daina kunun, cikinsa ya lafa, amma bai koma gaba ba. Ya ce ba zai karɓe abin da aka ba yaron mutane a gaban jama'a ba. Har ya rasu, duk ranar da liman ba ya gari a bayan wannan saurayi yake salla, kuma har yau abin na ci na.

Ina tuna safiyar farko da ban dama kunun ba, ya leƙo madafa, bai san na sani ba.

"Malama, yau babu kunun? Ba dai aikin naki ne ya lalace ba?"