Rumbun Irin Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ina aiki a wani shagon gyaran kwamfuta a Kalgo, kusa da jami'a. Duk Juma'a nakan shiga mota in tafi gida Masama, can wajen Gwandu, in same shi kan tabarma a gindin darbejiya, hannun dama kwance a cinya. Bakinsa ya dawo, ƙafa ta ƙi.

Abin da ya hana mu sukuni irin gero ne. Baba yana da rumbu guda na zangarniyar da yake zaɓa da hannunsa a kowace kaka, kuma tun muna yara ba mai taɓa shi sai shi. Hadari ya fara haɗuwa, maƙwabta sun gama sharar gona, ƙanena da ke zaune a gida ya roƙa har ya gaji. Amsar ɗaya ce: "Ku bari in tashi." Mun san ba zai tashi ba. Mu sayo iri a kasuwa mu shuka a gonarsa kuwa, daidai yake da mu gaya masa ya gama yawo.

Ni kuma a lokacin wani wasan kwamfuta ya kama ni, ɗalibai suka saka ni a ciki. Ana ba ka 'yan mutane da fili, ka sa su noma, su saro itace, su yi gini, ka tara mayaƙa, abokin gaba yana can yana nasa. Ba kamar dara ba ne da za ka yi ka jira a yi. Kowa yana yi a lokaci guda, irin aikin damina, ka tsaya tunani a wuce ka. Daɗinsa ke nan, kuma nan wahalarsa take.

Wata Asabar da hantsi ina bugawa a ƙaramar kwamfutata kusa da shi, sai ya miƙo wuya.

"Mi kaka yi da waɗanga 'yan mutane?"

Na bayyana masa. Na sake sabon wasa yadda ya kamata ɗan koyo ya fara: ƙaramin fili, abokin gaba mafi sanyi, a koyi ciyar da gari kafin a koyi yaƙi. Ni ke riƙe da linzamin kwamfutar, shi ke ba da umarni. A nan Baba bai nemi malami ba.

"Kai wancan ga itace. Wagga gona ta yi nisa da ruhewa," wato rumbu. "Wancan mi yaka jira? Rago na!"

Tun faɗuwarsa ban ji wannan muryar ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Hatsi ya taru. Na ce, "Baba, a nan da hatsi ake yin mayaƙa. Mu ɗiba."

"A'a. Ba a taɓa ruhewa sai an ga bayan damana."

Na ce wasan ba shi da damina. Ya yi mini kallon da yake mini tun ina ƙarami. Muka ci gaba da tarawa. Abokin gaban, duk sanyinsa, ya iso. Ba mu da ko mai sanda. Suka bi gonaki suka kashe manoma, suka cinna wa gidaje wuta, Baba yana kallo bai ƙifta ba.

"Hatsin hwa?" ya ce.

"Yana nan, Baba. Masu ci ne babu."

Na rufe kwamfutar, ina tsoron na ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Bayan la'asar ya sa na kira ƙanena.

"Ɗauko tsani."

Ƙanena ya dube ni, ya tafi ya ɗauko. Ya hau, ya ɗage jinkar rumbun, Baba yana faɗa masa daga tabarma wane dami zai fara fitarwa. Ya ce a ba shi zangarniya ɗaya. Ya riƙe ta da hannun hagu, ya daɗe yana murza ta da babban yatsa.

"Ku shibka," ya ce. "Kak ku jira ni."

Ruwan shuka ya sauka a makon nan. Gero ya fara fitar da kai Allah ya karɓi Baba. Da kaka ta yi, ƙanena ya zaɓi zangarniyar iri da hannunsa ya hau rumbun, ni na riƙe masa tsanin.