Iya Ɗaso, Sun Sare 'Yar Jawa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, goma ga watan Rajab na shekarar 1386, da hantsi, Allah ya karɓi ran Iya Ɗaso, mai gidanmu a nan unguwar Jarwal ta Makka, bayan zazzaɓin kwana shida. An sallace ta a Harami bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Ma'ala. Yau kwana goma sha biyu. Ni ce Ummulkhairi, 'yar Malam Kabo, mutanen ɗakin bakin ƙofa. Ba jininta ba ce ni, amma a bayanta na yi wayo.

Iya, na so in rubuta miki magana mai sanyi, irin wadda ake yi wa mamaci. Takarda uku na yayyaga. Abin da ke ƙirjina ba sanyi ba ne, kuma ke kika hana ni ƙarya, don haka ki yi haƙuri da abin da ya fito.

Kowa a lungun nan ya san wani abu naki. An san da ƙafa kika taho daga Damagaram, ke da mijinki, shekara bakwai a hanya, kika binne 'yarki ta fari a ƙasar Sudan. An san shekara arba'in kina wanki a gidajen mutane, har zanen yatsunki ya shafe. Abin da ba kowa ya sani ba, lokacin da babana ya gama aikin hajji ya rasa na komawa, ba iƙama, takardar zaman ƙasa, Innata da cikina wata takwas, ƙofa tara suka buga. Taki ce ta goma. Ba ki tambaye su takarda ba, tambayarki ɗaya: “Kun ci abinci?” Daga ranar, duk sanda aka ce masu bincike sun shigo unguwa, sai ki ɗauki tabarma da tasbaha ki zauna a bakin ƙofarmu, ki miƙe ƙafafu ki tare hanya, ki ce, “'Ya'yan ƙanena ne. Mai son shiga ya tsallaka ni.” Babu wanda ya taɓa tsallakawa.

Amma ni ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Wannan wasu za su faɗa, sun fi ni baki. Ni maganar 'Yar Jawa zan yi, don ita ce babu mai yi mata magana.

Shekarar da aka fara rushe gidajen gefen Harami don a faɗaɗa masallaci, ina 'yar shekara biyar, kika dawo gida da gwangwanin madara a ka, da wani ɗan tsiro a ciki wanda bai kai taƙi ba. Wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Jawa, wadda kika yi wa wanki shekara ashirin, ita ta ba ki a ranar da za a rushe gidanta. Uwar bishiyar ta yi girman da ba a ɗauka, ta tafi tare da bango. Matar ta faɗa miki sunanta da yarensu, harshenki ya ƙi juya shi, sai kika ce 'Yar Jawa, sunan ya zauna.

Tsakar gidan nan dutse ne. Kwana huɗu kika yi kina fasa kusurwar yamma da guntun ƙarfe, inda bango ke tare ranar la'asar. Ƙasar da kika zuba a ramin a ƙullin zane kika riƙa kawo ta, kika cuɗa da kashin awaki da na tattabaru. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa ki: a garin da ake sayen ruwa garwa-garwa wurin sagga, 'yan ga-ruwa, wa zai shayar da abin da ba a ci? Ba ki ƙara ko garwa ɗaya ba. Dutse mai faɗi kika ajiye a gindinta, kika kafa doka, duk macen gidan nan a kan dutsen za ta yi alwala. Sau biyar a rana, mu mata huɗu. Ruwan sabulu bai taɓa zuwa wurin ba, haka ruwan rijiya mai zartsi. Shekara goma sha ɗaya bishiyar nan ba ta sha komai ba sai ruwan da ya sauko daga fuskokin masu shirin salla. Da shi ta wuce tsayin babana.

In kina son ta yi fure, sai ki ce mu koma yin alwala a kwano, a tara a tulu. Kwana biyar tana jin ƙishi har ganyenta ya fara langaɓewa, ranar ta shida ki juye mata tulun gaba ɗaya. Kafin mako biyu ta yi fari fat. Ƙamshin yakan haura bango ya sauka lungu, masu wucewa su tsaya suna ɗaga hanci, suna cewa gidan Ɗaso lemu ya yi fure. Su jira lemu. Lemu bai zo ba, sai 'yan jajayen 'ya'ya kamar ƙwayar tasbaha, waɗanda tsuntsaye kaɗai ke ci. Daga nan aka sa mata suna juya.

Ni kaɗai kika koya wa bambancin, don ni kaɗai ke zama a wurin. A bayanta nake ɓoye littattafan soyayyar Masar da nake arowa a makaranta, tsakanin gindinta da bango, inda Innata ba ta leƙawa. Ranar da kika kama ni na ɗauka kashina ya bushe. Sai kika zauna a kan dutsen alwala kika ce, “To Malama, karanta mana. Me ya ce mata?” Na fassara miki da Hausa. Kika saurara har ƙarshen shafi, kika taɓe baki: “Shafi guda yana kuka a gindin taga? Ba shi da sana'a ne?” Kullum kina zagin samarin littafin, kullum kuma bayan la'asar kina tambaya ina muka tsaya.

A irin zaman nan ne kika kama hannuna kika tura cikin rassan. “Ya soke ki?” Na ce a'a. “To lemu ƙaya gare shi, wannan ba ta da ko ɗaya. Dubi ganye. Na lemu ɗai-ɗai yake fita, babba. Wannan ƙanana ne a jere a kan sili guda, biyar, bakwai, wannan na nan wancan na can, ba sa fuskantar juna, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Furen kunne biyar, suna lanƙwashewa baya, kwana biyu sun zube. Hanci kawai take yaudara, Malama. Mai ido ba ta yaudararsa.” Kika ƙara da cewa matar Jawa ta gaya miki cikin itacen rawaya ne kamar kurkum. Na ce mu gani mana. Kika buge mini hannu: “Sai an kashe ta ake gani. Allah kada ya nuna mana.”

Iya, ni ya nuna mini.

Tun ranar farko ta zaman makoki aka fara. Matan da suka cika tsakar gida suna kukanki, su ne suka riƙa miƙa hannu suna tsinke ganyenta suna jefawa a butar shayi, wai ganyen lemu. Da suka kurɓa suka ji bauri, wata ta ce, “Lemun tsohuwar ma ba shi da kirki, Allah ya ji ƙanta.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. A kan dutsen alwalarki aka wanke kofuna da sabulu. Ina tsaye ina kallo.

Ranar uku da safe, za a ɗora manyan tukwanen shinkafar sadaka, sai ɗanki Kawu Mukhtaru ya shigo da gatari. Ya ce wuri ya yi kaɗan, kuma dama yana so ya tayar da ɗaki a kusurwar kafin alhazai su fara sauka. Na miƙe ban san na miƙe ba. Ya dube ni ya ce, “Halas, ya binti, ya isa haka, matsa. Shekara goma sha ɗaya ko lemu ɗaya ba mu gani ba.” Matarsa Sa'adatu, Allah ya saka mata, ita ce ta ce, “A Makka fa muke, ana saran itace haka?” Ya ce ya riga ya tambayi Malam Isa, malamin unguwa: abin da ya tsiro da kansa a ƙasar Harami shi ne ba a taɓawa, wanda hannun mutum ya dasa kuwa mai shi na da iko da shi.

Na buɗe baki in ce ba lemu ba ce. Kalma huɗu. Innata ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi, ta raɗa mini, “A ɗakin wa muke kwana?” Yanzu babu mai miƙe ƙafa a ƙofarmu. Na koma na zauna.

Sara bakwai. Rawaya ne, Iya, yadda ta faɗa miki, rawaya mai kyau, har na ji haushin kyansa. Suka tura rassan a murhu, ɗanyen itace ya ƙi ci, hayaƙi ya kori mutane, aka jawo su aka watsar a juji. Ko wutar sadakarki ba ta yi musu ba. A banza.

Wannan ne ke hana ni haɗiye abinci. Da ƙaya ce ta fito don kanta a jikin bango, wadda babu wanda ya taɓa ba ta ɗigon ruwa, da an kewaye ta an bar ta. Wadda kika fasa wa dutse, kika ɗauko a ka daga Harami zuwa Jarwal, ita ce halal ga gatari, saboda wahalarki ta taɓa ta. Ban ce Malam ya yi kuskure ba, ni ban yi karatun ba. Amma an tambaye shi ko ya halatta, babu wanda ya tambayi kansa ko ya dace, kwana uku da fitar da ke. Ina fushi da matan shayi. Ina fushi da Kawu. Ina fushi da ke ma, da ba ki taɓa zaunar da ɗanki kin tura hannunsa cikin rassan ba, kika bar sanin a wurin wadda ba ta iya magana. Fushin da ya fi kowanne kuwa nawa ne. A littattafan nan yarinya takan faɗa gaban takobi. Ni mintsini ya zaunar da ni.

Ban daina alwala a kan dutsen ba. Ana kallona kamar mai taɓin hankali, ina zuba wa kututture ruwa. Shekaranjiya da asuba na ɗaga gefen dutsen don in kwashe tokar da ta taru, sai na ga abu a tsagar da ke tsakaninsa da bango. Tsiro uku, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Na jira gari ya waye na duba da kyau. Babu ƙaya. Ganyen na sheƙi. Babban cikinsu ya riga ya fitar da ƙananan ganye uku a kan sili guda. 'Ya'yan da tsuntsaye suka zubar ne, ruwa ya kai su can. Na kife musu kwandon wankinki.

Na ji magina za su zo ranar Asabar su tone kututturen su zuba siminti. Shi ya sa ba zan ɓoye wannan takarda a bayan komai ba. Zan ba Sa'adatu ta karanta a gaban mutanen gida, ina zaune a wurin, ko da Innata za ta cire mini naman cinya.

Kawu Mukhtaru, gidanka ne, mu baƙi ne, kuma na san abin da maganar nan za ta iya jawo mana. Amma waɗannan ukun babu hannun da ya dasa su. Ba Iya ba, ba ni ba. Da kansu suka fito a ƙasar Makka. Ka koma wurin Malam Isa ka tambaye shi wannan, kafin Asabar. In ya ce babu laifi, to ina roƙon kwana ɗaya da gwangwanin madara uku. Kafin sannan ka zo ka durƙusa ka ɗaga kwandon, in nuna maka abin da mahaifiyarka ta shayar shekara goma sha ɗaya. Ba lemu ba ce.

Ya Allah, ga baiwarka Ɗaso ta zo maka da hannaye da wanki ya cinye. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabari kamar yadda ta yalwata mana ɗaki, ka tsaya mata ranar da babu mai tsayawa kamar yadda ta tsaya a ƙofarmu. Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ka sanya ta a inuwar da ba a sarewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Mukhtaru, wanda na ga ya juya fuska ga bango yana kuka ranar da aka fita da ita, ban manta ba. Da Sa'adatu, da jikokinta Hauwa da Zali, da danginta na unguwar Misfala, da na Damagaram waɗanda labarin ba zai kai musu ba sai alhazai sun koma. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Nawa bai iso ba tukuna, ina roƙonsa.

Iya, an kira azahar. Zan je kan dutsen.