Matar da ke kan Gada

Pan Bogumil Wrona tsohon direban taragon cikin gari ne a birnin Krakow, kuma ko a mafarki bai taɓa taka Japan ba. Yana saurayi ya ga wani zanen Japanawa a shagon tsofaffin kaya, irin wanda ake sassaƙa katako, a shafa masa launi, a danna a takarda. Shi ke nan ya kamu. Ya yi ta tara su ɗai-ɗai, har ƙanwarsa Halszka ke cewa takardun nan ne suka hana shi aure.

Irin wannan zane ba ya shiri da haske, shanye masa launi yake yi. Don haka a aljihun tebur yake ajiye su, tsakanin fararen takardu, labulen ɗakin kullum a sauke. To, sai tsufa ya taɓa masa ido. A ɗan hasken da zanen ke jurewa, shi dishi-dishi kawai yake gani. Akwai wanda ya fi so, wata mata riƙe da laima a kan gada, ana ruwa. Kewarta yake yi ƙwarai, alhali tana nan kusa da gadonsa.

Wata rana Pani Kinga, mai shirya fim a kan masu tara kayan zane, ta zo da kyamara da wata ƙatuwar fitila.

"Wannan dodon za ki haska mata?" in ji Bogumil. "To a gurguje, 'yata."

"Yaya, bari yarinya ta yi aikinta," in ji Halszka. "Kai da kulle, ko mai gadin kurkuku albarka."

Aka fito da zanen, aka kunna fitilar. Bogumil ya sunkuya a kansa.

"Halszka," ya ce a hankali, "ga ɗigon ruwan nan a bakin laimar. Wallahi har na fara zaton ni na ƙirƙiro shi a kaina."

Kinga ta gama ɗauka, ta kai hannu ga makunni. Halszka ta riƙe ta.

"Don Allah bar masa. Launi ya tafi mana, wa yake tara wa?"

Ya so ya amince, har bakinsa ya motsa. Ya ƙara kallon matar sosai, sannan ya jawo farar takarda ya rufe ta.

"Kashe, 'yata. Ni na kusa gama gani. Ita kuwa akwai sauran masu kallonta nan gaba."