Kawu Arzika da Ɗakinsa na Cikin Dutse

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba ya zama a gidan mutum sai ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne, sannan ya girgiza kai: "Manne ne wanga, ba gini ba." Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana fasa dutse a kamfanin siminti na Malbaza, amma ya raina siminti!

Wani injiniya Ba'indiye ne ya ja mana. Shi ya ba Kawu hoton wani wurin bautar 'yan Hindu, wanda kakanninsu suka fafe a cikin dutse guda, ginshiƙai da rufi da komai, babu bulo ko ɗaya. A cikin hula Kawu yake ajiye hoton. Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa, Allah ya yi ni da fargaba. Ranar da na ga gumaka a jikin hoton, ko tuwo ban iya ci ba.

"Kawu, da wannan a kanka kake salla?"

"Kai Illa, hiddawa nike! Kuma ina ruwana da masu gidan? Maginin nike kallo."

Da ya bar aiki sai ya ɗauki guduma da diga ya nufi tudun bayan garinmu, can wajen Tajaye, wai shi ma zai fafe ɗaki. Shekara bakwai yana yi! Wani ya ce zai kawo siminti a gyara bakin ƙofa, Kawu ya ce ya kawo, a bakinsa za a shafa.

Sannan ya kafa doka, ba mai shiga da takalmi. Ya kuma kai fitilar mai. Ga shi kuwa shi da kansa ya ba ni labarin yadda suke yi a can: su tuɓe takalma, su kunna fitila, su kaɗa ƙararrawa, su zuba wa dutse nono. Tsorona ɗaya, kada Kawu ya mutu a rasa mai yi masa salla. Na tambaye shi zancen nonon.

"Nono bisa dutse? Ni da ke shan hura gaya? Nan muka raba hanya da su!"

Hankalina dai bai kwanta ba. Na je na faɗa wa Liman, har da hawayena. Muka hau tudun da tsakar rana, a tsakiyar bazara. Liman ya tuɓe takalma ya shiga, ya daɗe yana kallon wani lungu da Kawu ya sassaƙa a bangon gabas. Ashe alƙibla ce, daidai wa daida.

"Arzika, mi ya hana ka hwaɗi masallaci kake yi?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Malam. Illa ma nono ya tambaya."

Liman ya ce bari ya ɗan zauna ya huta. Sanyin dutse ya ratsa shi. Sai da la'asar muka tashe shi!

Liman ɗin ne ya yi wa Kawu sallar jana'iza bara, jama'a har bakin hanya. Hoton yana wurina a naɗe cikin leda. Na kasa ƙona shi, na kasa rataye shi. Yanzu duk bazara manoma da makiyaya a ɗakin nan suke azahar, har da ni, kuma kafin in fita sai na ƙwanƙwasa bango. Gini ne, Kawu, mun gode.

Allah ya sanyaya kabarinka kamar yadda ka sanyaya mana, ya yafe mini zaton da na yi maka. Amin.