Ranar da Aka Rasa Mai Faɗin Sunan Mijin Inna

Har yau idan na ji ƙamshin gero a sabon buhu sai ranar nan ta dawo mini, kuma ban ga lokacin da za ni manta da ita ba. Shekarar fari ce. Gulbi ya koma rairayi, gonaki sun yi fayau kamar takardar da ba a rubuta komai a kanta ba. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jin daɗin jama'a, aka tura ni wani ƙauye bayan Kurawa in rubuta gidajen da za a ba hatsin agaji. A aji an koya mana yadda aikin ya faro daga masu ziyartar gidajen matalauta, an koya mana sauraro da riƙe sirri. Babu wanda ya koya mana abin yi idan ƙauye ya wayi gari babu maza.

Duk sun tafi cin rani. Fom ɗin kuwa, layin farko sunan maigida yake nema, kuma direban motar hatsi ya ce gidan da ba suna ba buhu, da la'asar zai juya Sabon Birni.

Na tambayi mace ta farko sunan mijinta. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Malam." Ta biyu ta ce, "Shi." Kafin azahar ina da Malam tara da Shi goma sha ɗaya.

Ni ma 'yar ƙasar ce, na san mace ba ta kiran sunan mijinta, amma boko ya sa na ɗauka yunwa za ta kori kunya. Ba ta kora ba. Sai na yi dabara, kowace ta faɗi sunan mijin maƙwabciyarta. Abin ya tafi daidai har muka iso kan wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, mai riƙon jikoki biyar. Maƙwabciyarta ta buɗe baki, ta rufe.

"Malama, sunansu guda da nawa maigidan."

Ta gaba ma haka. Ta gaba kuma sunan ɗanta na fari ne. Mace ɗaya ta rage wadda za ta iya furta sunan, ita kuwa shekara bakwai suna gaba da Inna a kan wata kaza da ta ɓace.

"Ɗiyata, in dai waccan za ta hwaɗi, a bar hatsin," in ji Inna.

Direba ya tada mota. Ƙaramar jikanyar Inna tana durƙushe tana tsintar geron da ya zube tana kaiwa baki. Inna ta dube ta, ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta ce, "Kira ta."

Matar ta zo tana taku ɗai-ɗai kamar amarya. Ta gyara murya, ta faɗi sunan da ƙarfi sau uku, ta haɗa da na ubansa, ta ƙara da laƙabin da ake tsokanarsa da shi yana yaro.

"Malama, kin rubuta ko in maimaita?"

"Na rubuta, Gwaggo."

"Duba da kyau dai, ni ban gaji ba."

Aka sauke buhun. Inna da abokiyar gabarta suka ja shi zuwa gidan Inna, kowace ta riƙe gefe guda.

Tun ranar na koyi in fara duban mutumin da ke gabana kafin takardar da ke hannuna. Sai bayan shekaru, ina gyaran tsofaffin takardu a ofis, na juya bayan irin fom ɗin nan. An rubuta da ƙananan haruffa cewa idan maigida ba ya nan, a sa sunan matar. Yini guda na yi da matan ƙauyen nan, ban tambayi ko ɗaya sunanta ba.