Mazurarin Ba-a-Ja

A garejin kamfanin dakon kaya babu mai kiransa da sunan yanka. Ba-a-Ja ake ce masa, tun daga maigadi har manaja, shi kansa in aka kira shi da wani suna sai ya waiga ya ga da wa ake. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa babbar mota, ba a taɓa maƙala wa motarsa ƙugiya an ja ta ba. Taya ta sha fashe masa, fanbel ya sha tsinkewa, ya taɓa yin wuni biyu a ƙarƙashin mota yana ɗaure bututun mai da tazugen wandonsa, amma duk motar da ya fita da ita da ƙafarta take komawa gida. Bai tara komai ba sai ciwon baya da 'ya'ya huɗu da suka girma suka watse. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma saura wata biyu ya ajiye aiki ya tafi da abinsa gida.

In ka tambaye shi sirrin, ba zai yi maka dogon bayani ba. Akwatin da ke bayan kujera zai buɗe, ya fito da wani mazurari na tagulla, bakinsa ya lotsa, an taɓa like wuyansa da dalma. Maigidan da ya koya masa tuƙi ne ya ba shi ranar da ya fara fita shi kaɗai. Yana da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa a bakinsa, kuma babu abin da ke shiga cikin motarsa bai bi ta nan ba: gas, baƙin mai, har ruwan lagireto. Masu gidan mai sun gaji da shi. Layi ya yi tsawo, ana ta danna masa ham, shi ko a jikinsa, yana tsaye yana tace gas. In ya gama ya ɗaga ƙyallen ya nuna wa na baya tsatsa da yashin da ya kama, ya ce, "Ga abin da kuke ɗura wa motocinku, ku dawo kuna cewa inji ne ba shi da kyau."

Kuma gaskiyarsa ce, abin haushin ke nan. Shekara talatin yana da gaskiya, mutum kuwa in ya daɗe da gaskiya haka, kunnensa toshewa yake yi.

Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke tuƙa janwen kamfanin, babbar motar da ke jawo duk wadda ta mutu a hanya. Ƙugiya ake kiransa. Ba-a-Ja bai taɓa barinsa ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Yau gawar wa aka ɗauko?" haka yake gaishe shi.

"Yaya, ina nan ina jiran taka."

"Ka sayi kujera, tsayuwar za ta yi maka yawa."

Ana haka kamfani ya sayar da tsofaffin motocinsa ya kawo sababbi. Aka ba Ba-a-Ja ɗaya, fara ƙal, kujera kamar ta mai jinya, gabanta duk allo da fitilu. Ya zagaya ta sau biyu, ya tsaya a kan wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi kusa da na gas. Injiniyar garejin, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, ta zo ta yi masa bayani.

"Baba, wannan ba na gas ba ne. Ruwan yuriya ake zubawa. Motar tana fesa shi cikin salansa, in ya haɗu da zafin hayaƙi sai ya kashe gubar da ke ciki, abin da zai fita waje ya zama iska da tururi."

"Yuriya ta taki?"

"Danginta ce, amma wannan tatacciya ce. Ruwan ba ya son datti, ba ya son mai, ba ya shiri da irin su tagulla. Da bututun robar da ke zuwa da jarkar za ka zuba, kada ka sa wani abu."

"In ya ƙare fa?"

"Ko ya ƙare ko ya gurɓata, za ta yi maka gargaɗi. In ka ƙi ji, ta rage ƙarfi. In ka ci gaba da ƙin ji, ta koma tafiyar ƙafa."

Ya dube ta, ya dubi motar. "Wato ita za ta hukunta ni."

Daga duk jawabin nan, magana ɗaya ce ta sami wurin zama a kansa: ba ya son datti. To, wa za a koya wa wannan? Ya ɗauki bututun robar, ya leƙa cikinsa, ya ga ko raga babu, ya yi tsaki ya jefa shi cikin akwati. Ruwan da ba ya son datti ai shi ya fi kowane ruwa cancantar mazurari. Sauran direbobi, waɗanda ba su damu da komai ba, suka riƙa ɗaura bututu suna zubawa suna wucewa. Shi kaɗai, don tsabar kula, yake goge mazurarin da ya gama zuba gas da shi, ya shimfiɗa ƙyalle, ya tace ruwan a hankali.

Bayan sati uku fitila ruwan ɗorawa ta kama. Injiniya ta jona kwamfutarta, ta ce ruwan tankin ba shi da kyau, ta zubar ta wanke, ta tambaye shi inda ya saya. Ya tafi shagon, ya yi wa mai shagon tatas a gaban mutane, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya canza shago. Fitila ta sake kamawa. Ya sake canzawa, wannan karon ya ninka ƙyallen biyu.

A gida matarsa ce ta sha wahalar abin. Da safe maganar tanki, da yamma maganar tanki. Da can, in ji shi, mota hayaƙinta ke gaya maka ciwonta: baƙi kaza, fari kaza, shuɗi kaza. Wannan kuwa ko ka sa hanci a salansarta ba ka jin komai, munafuka, sai dai ta kai ƙararka wurin kwamfuta.

"Ni dai na san abu ɗaya," in ji matar, tana ninke masa kaya. "Tun da aka ba ka ita, rigunanka ba sa cin sabulu, kuma tarin nan da kake tashina da shi ya ragu."

"Ke ma kin koma bayanta ke nan."

"Ni ban san ta ba. Wanki na sani."

Saura kwana tara ya ajiye aiki, aka loda masa siminti daga masana'anta zuwa gareji, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Fitilar tana kunne tun kwana huɗu, allon yana lissafa masa awannin da suka rage, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu, don ya gaji da a riƙa wanke masa tanki ana kallonsa kamar sabon shiga. Da hantsi, saura kilomita arba'in, ya tsaya shan shayi. Da ya sake tayar da ita, sai ta yi ƙara sau uku, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ƙi gudu. Ya take totur har ƙasa. Injin lafiya lau, birki lafiya lau, tanki cike da mai, amma motar tafiya take kamar mai rakiyar tsohuwa kasuwa.

Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Da karyewa ta yi, ya san abin yi. Ya buɗe gaba, ya duba, babu abin ɗaurewa, babu abin ƙwanƙwasawa. Mota ce ƙalau ta yanke shawara ba za ta yi gudu ba.

Ya koma ya ci gaba a haka. Mai keke ya wuce shi. Wata mata da tire a kai ta jera da shi har ta gaji da kallonsa ta yi gaba. Hanyar kuwa ƙarama ce, layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, sai motoci suka taru a bayansa suna ham, masu wucewa suna zuge gilashi suna gaya masa abin da ke ransu. Ita motar kuma tuni ta aika wa ofis labarinta ba tare da ta nemi izininsa ba. Kafin azahar ya hango janwe a madubi.

Ƙugiya bai yi dariya ba, duk da shekara ashirin yana tanadinta. Ya sha gabansa ya tsaya, ya sauko.

"Yaya, manaja ya ce in jawo ta."

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Tana rarrafe."

"To rarrafe tafiya ne. Matsa min."

Ƙugiya ya matsa. Ya koma bayansa, ya kunna fitilun gargaɗi, ya riƙa binsa a hankali yana kare shi daga masu gaggawa. Haka suka yi awa biyu, wa a gaba yana zufa yana zagin masu ƙera motar da iyayen gidansu, ƙane a baya da ƙugiya tana lilo. Saura kilomita ashirin da wani abu, a gindin wata doguwar gangara da za su hau, Ba-a-Ja ya faka. Dabara ta zo masa: yana da sabuwar jarka da ba a fasa ba, in ya cika tankin da ruwa mai kyau wataƙila ta huce. Ya fito da jarkar, ya fito da mazurari, ya goge shi da gefen riga, ya shimfiɗa ƙyalle.

"Yaya, tsaya," in ji Ƙugiya. "Da wannan kake zubawa?"

"Da me zan zuba, da hularka?"

"Kullum?"

"Tun ranar farko."

Ƙugiya ya karɓi mazurarin, ya juya shi ya nuna masa cikin wuyan. Wani farin gishiri ya daskare a wurin, gefensa ya yi kore-kore, tagullar ta ci. Ya tsiyaya ruwan kaɗan ta cikinsa a murfin jarka, ya ɗaga wa rana. Maiƙon gas ya taso sama yana walƙiya kala-kala.

"Mota tara na jawo bana a kan ruwan nan," ya ce a hankali. "Wani jarkar mai ya zuba a ciki, wani ruwan famfo ya ƙara. Duk ragwaye ne. Ban taɓa jawo wanda tsabta ta kashe masa mota ba."

Ba-a-Ja ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa da wa. Maganar Injiniya ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har wadda ya bari ta wuce ta bayan kunne. Ya tuna mai shagon da ya ci wa mutunci a gaban abokan cinikinsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana koyon tuƙi. Tun safe yake faɗa da mota a kan ta yi masa ƙarya, ashe gaskiya take faɗa tun sati huɗu da suka wuce. Ya dubi gangarar, ya dubi tan talatin na siminti, ya dubi layin motocin da za su maƙale a bayansa in ta tsaya a tsakiya.

"Kawo sifana," ya ce.

Shi da kansa ya kwanta a ƙarƙashinta ya kwance farfela, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, don kada jan ya lalata giya. Shi da kansa ya maƙala ƙugiyar, ya jijjiga ta ya ga ta zauna. Bai taɓa yi ba, amma bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Da suka kusa gareji, la'asar ta yi, lokacin da direbobi ke zaune a bakin ƙofa. Ƙugiya ya rage gudu, ya dubi yayansa da ke zaune kusa da shi da mazurari a cinya.

"Mu bi ta ƙofar baya, Yaya. Makullin yana wurina, babu kowa a can."

"Ta gaba."

"Saura kwana tara fa."

"Na iya ƙirga. Ta gaba, kuma ka danna ham."

Ƙugiya ya danna. Maigadi ya buɗe ƙofa ya tsaya riƙe da ita, masu shayi suka ajiye kofuna. Ba-a-Ja ya sauko, ya wuce ta gabansu kai tsaye zuwa wurin Injiniya, ya ɗora mazurarin a kan teburinta.

"Ga mai laifin," ya ce. "Ni ne na riƙe masa jarka."

Washegari ya je shagon da ya yi wa rashin mutunci, ya daɗe a ciki. Ya cika kwana taransa da wata motar, yana zuba ruwan da bututun roba yana tsaki, don har gobe bai yarda abin da ba shi da raga ya isa a kira shi mazurari ba.

Yanzu yana gida. Mazurarin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗaki, matarsa ta nemi ta riƙa ɗura kananzir da shi ya hana. Tsofaffin abokan aiki in sun biyo ta layin sukan rage gudu su ɗaga murya, "Ba-a-Ja!"

Shi kuma ya ɗaga hannu daga kan benci, ya gyara musu: "An ja. Sau ɗaya. Ƙanina ne ya ja."